Bajon Aiki a Cikin Fatar Laya

Zuwa ga Gwaggo Asta,

Assalamu alaikum. Gwaggo, ki taimake ni da shawara, kuma don Allah kada ki ajiye wasiƙar nan sai bayan Babbar Sallah, domin bayan Sallah ba ta da sauran amfani. Sau uku ina fara ta ina yagawa. Wannan ta huɗun na ce ko ta yi kyau ko ba ta yi ba, sai ta shiga akwatin gidan waya.

Ni mutumin wani ƙauye ne tsakanin Kura da Bunkure, a bakin kanal, wato babbar magudanar ruwan noman rani. Ba zan faɗi sunansa ba, don gidajenmu ba su kai ɗari ba, kuma mutum ɗaya ne a ciki ya yi jami'a. Shekarata ashirin da tara. Kimiyyar haɗa sinadarai na karanta, yanzu ina ƙaramin malami a jami'a, amma yawancin yinina ina yin sa ne a wani ɗan ɗaki a bayan asibitin koyarwa, inda muke haɗa maganin da ake ɗaukar hoton cikin jikin mutum da shi. Dole in ɗan yi miki bayanin aikin, in ba haka ba ba za ki gane irin wautar da na tafka ba.

Hoton ƙirji da kowa ya sani, daga waje ake haska mutum. Namu kuwa daga ciki hasken yake fitowa. Mukan haɗa wani ruwa mai fitar da haske irin wanda ido ba ya gani, a yi wa majiyyaci allurar ɗan kaɗan, ruwan ya bi jini ya je ya taru inda muke so, ko hanta, ko ƙoda, ko ƙashi, ko maƙoƙon wuya. Sai a kwantar da shi ƙarƙashin na'ura, ta zana mana inda ruwan ya taru da inda ya ƙi zuwa, likita ya ga ciwon ba a tsaga kowa ba. Aikina haɗa ruwan. Bincikena kuwa yadda za a sa ya kama ƙashi sosai ya ƙyale sauran jiki. Sinadarin a cikin wata tukunyar darma yake zuwa mana ta jirgin sama daga ƙasar waje. Saniya muke ce mata, don kullum da safe sai an tatse ta. Abin da aka tatsa kuma ba ya jiran kowa, cikin awa shida rabin ƙarfinsa ya tafi, kafin jibi ya zama ruwan banza. A gidanmu marigayi babanmu ne kaɗai ya gane wannan tashi ɗaya. Ya ce ashe ni ma tumatir nake nomawa, in mota ta yi latti sai zubarwa.

Ciwon baya ne ya zama ajalinsa shekara uku da suka wuce. An yi ta ɗaukar hotonsa ba a ga komai ba, sai da abin ya ci ƙashin ya gama. Da irin hotonmu aka yi masa da wuri, da an gani tun yana iya tsayawa da ƙafarsa. Na san kwana ne ya ƙare, amma shi ya sa na liƙe wa ƙashi a bincikena, kuma shi ya sa abin da zan faɗa miki yanzu yake da girma a wurina. Farfesan da nake ƙarƙashinsa ya samo mini gurbin karatun digiri na uku a ƙasar waje, shekara uku, a wurin da ake ƙirƙiro irin wannan magani. Watan Oktoba zan tafi. Gurbi ɗaya ne, rabon da wani a sashenmu ya samu irinsa shekara shida ke nan. Abin da ya rage kawai takardar ƙarshe da Farfesa zai rubuta a kan halina da lafiyata.

To, kowane ma'aikacin ɗakinmu yana da bajo da yake maƙalawa a ƙirji. Ɗan akwatin roba ne kamar kwalin ashana, a ciki akwai guntun fim naɗe cikin takardar da haske ba ya ratsawa. Bajon nan ba ya tsare mutum daga komai. Shaida kawai yake yi. Duk wata a tattara, a aika a wanke fim ɗin, gwargwadon baƙin da ya yi gwargwadon hasken da ya shiga jikinka. Doka ce idan ka tashi daga aiki ka rataye shi a ƙusa a bakin ƙofa, ba ya fita daga ginin.

Ana saura 'yan kwanaki a kama azumi, ranar wata Laraba, saƙo ya iske ni ta bakin wani direban garinmu cewa an dawo da ranar ban-ruwan layinmu gobe Alhamis da safe. Gonarmu eka biyu ce, kuma a can wutsiyar kanal take. Wanda ya san noman rani ya san abin da nake nufi. In mai gona bai tsaya da kansa ba, na sama za su zuba tiyonsu su janye ruwan, kai sai dai ka ga laka. Ni kaɗai ne namiji a ɗakin mahaifiyata, ga tumatirin ƙarshe da albasa suna neman ruwa a cikin zafin nan. Na zura babbar riga a kan rigar aiki na yi tasha a guje. Sai da muka wuce Garun Mallam na ji wani abu yana tokare mini ƙirji. Bajon ne.

A makon nan ne rediyo ba ta da labari sai haɗarin tashar nukiliya a Tarayyar Sobiyet. Iya, mahaifiyata, ba ta rabuwa da rediyonta, ko tsintar shinkafa take yana gefenta. Ta ji an kwashe mutanen gari guda, ta ji ana zubar da madara, kuma kalmar nukiliya a bakina ta fara jin ta. Na tarar kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Ta tambaye ni ko abin da ya fashe ɗin shi ne nake taɓawa kullum. Na ce dangi ne, amma namu kamar tsinken ashana ne a gaban gobarar daji. Ba ta gamsu ba. Ina cire babbar riga sai idonta ya faɗa kan bajon, ta tambayi mene ne. A nan na yi ƙaryar farko. Na ce shi ne makarinmu, hukuma ce ta raba mana, muddin yana ƙirjin mutum babu abin da zai shige shi. Gwaggo, ina kallo kafaɗunta suka sauka. Ta tashi ta ɗumama tuwo, muka ci tare.

Ranar Alhamis na yini a gona cikin taɓo da tiyo, na bar rigar aikin a kan igiya a ɗaki. Ita kuma Iya ta zauna ta yi nata tunanin. A ganinta abin da yake tsare ran ɗanta bai kamata a bar shi tsirara cikin robar da za ta iya fashewa ba, kuma abin da Turawa suka yi ba zai rasa buƙatar a haɗa masa da sunan Allah ba. Tana da wata takardar addu'a da babanmu ya rubuta da hannunsa, tun rasuwarsa take ajiye da ita a cikin adaka. Ta ɗauki takardar da bajon ta kai wa Baballe baduku, wanda shi ya ɗinka mana layu tun muna goye. Baballe ya ɓalle robar don ya sami wurin cusa takardar, ya ga ɗan ƙunshi a ciki, ya ɗauka rubutun Turawa ne. Ya sa aska ya tsaga, ya zaro fim ɗin, ya ɗaga shi saitin rana yana neman rubutu. Da bai ga komai ba ya mayar, ya liƙe, ya ɗora addu'ar, ya ɗinke duka cikin jar fata har da igiyar ratayawa. Da bakinsa ya ba ni wannan labarin da na bi ta rumfarsa, yana dariya wai Turawa sun cuce mu, ko wasali babu a ciki.

Ranar Juma'a da safe Iya ta rataya mini ita a wuya da hannunta, fuskarta kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Na yi godiya. Ban san me zan ce ba in ba godiyar ba.

Da na koma na sa reza na farke ɗinkin, na adana fatar da addu'ar, na mayar da bajon ƙusarsa. In ba ka ƙura ido ba ba za ka ga inda aka liƙe ba. Abin da ya kamata in yi a ranar shi ne in je in ce bajona ya lalace. Ƙaramin laifi ne, faɗa za a yi mini a ba ni wani bajon. Amma sai an tambayi yadda ya lalace. Sai in ce na fita da shi, sannan in ce uwata ta mayar da shi laya. A ɗakin shan shayin malamai akwai masu jiran ɗan ƙauye ya yi abin dariya, akwai kuma samarin da za su tsare ni da wa'azi a kan laya har la'asar. Kunya ta kama ni. Na ce wa kaina ai ɗagawa ɗaya Baballe ya yi, wataƙila bai yi komai ba. Ni da nake koya wa ɗalibai abin da haske yake yi wa fim. Ƙarshen wata na miƙa shi tare da na kowa.

Bayan mako shida sakamako ya dawo. Na kowa fes. Nawa baƙi ƙirin, ya wuce ma'auni. Farfesa da kansa ya zo ya kulle ɗakin, ya sa ni a motarsa ya kai ni gwajin jini. Jinina lafiya lau, amma aka hana ni shiga ɗakin sai an gama bincike. Kwana goma sha tara ɗakin yana rufe, ana bin bango da tebura da na'urar awo, ba a sami komai ba. Saniya guda ta mutu ba a tatse ta ba, a wannan zamani da samun ta sai an yi wata ana bin takardu. Majiyyata da suka zo daga nesa aka ce su koma. Akwai wata mata mai maƙoƙo da na gani kwana biyu a gindin dalbejiya da mijinta da ƙunshin kayansu. Ta gabansu nake wucewa.

Duk wannan bai kai abin da ya faɗa kan Dattijo ba. Dattijo shi ne ma'aikacin da yake tatsar saniyar, shekararsa ashirin da biyu a asibitin, shi ya koya mini yadda ake riƙe kwalba da awartaki. Shekara biyu da suka wuce ya taɓa mantawa bai rufe murfin darma ba, aka rubuta a fayil ɗinsa. Yanzu da aka rasa inda hasken ya fito sai aka tuna. Aka ce akwai safiyar da ya tatsa ya tafi sito, ni kuma na yi awa huɗu ni kaɗai a teburin da yake kusa, wataƙila ya sake barin murfin a buɗe. An ba shi takardar tuhuma, an mayar da shi wankin kwalabe. Kwamiti zai zauna ranar Talatar bayan Sallah, kuma kin san yadda ake sallamar ma'aikata a 'yan shekarun nan, dalili kaɗan ake nema.

Abin da ya fi ci mini rai, shi kansa ya fara yarda. Juma'ar da ta wuce ya zo ɗakina da kwanon ƙwan zabi, wai matarsa ta ce in riƙa ci yana ƙara jini. Mutumin da ya kusa haifata ya durƙusa a gabana. Ya ce ya yi ta tunani ya kasa tuna ko ya rufe murfin, kuma in ya zamana ban sami haihuwa ba nan gaba, alhakin yana wuyansa, in yafe masa tun muna duniya. Gwaggo, na ce na yafe. Na yafe wa mutum laifin da ni na yi. Kwanon yana nan a kan tebur, ko ɗaya na kasa fasawa.

Ga inda nake. In na yi shiru, Farfesa ya ce tunda jinina lafiya zai rubuta cewa tsautsayi ne ba laifina ba, Oktoba in tafi. In na yi magana, na karya doka, na ɓoye wata uku, na jawo an rufe ɗaki. Farfesa kuwa mutum ne da ya taɓa korar ɗalibi saboda ya gyara lamba ɗaya a littafin gwaji. Gurbin ya tafi ke nan. Sannan ga Iya. In ta ji bajon ba ya tsare komai za ta ce ban da aikin nan, ni kuma ban taɓa tsallake maganarta ba. In kuma ta ji layarta ce sanadi, ba za ta yafe wa kanta ba. Na yi tunanin in je gaban kwamitin in roƙa wa Dattijo sassauci ba tare da na faɗi dalili ba. Na yi tunanin in tafi, in na sauka can in rubuto gaskiya. Wani lokacin kuma sai in ce a duk ƙasar nan waɗanda suka san aikin nan ba su da yawa, in na je na dawo dubban mutane irin babanmu za su amfana. Shin wannan bai rinjayi aikin mutum ɗaya da ya kusa ritaya ba? Ina jin kunyar tambayar, amma ita ce a raina, gara in faɗa miki.

Naki,
Mai Gona a Wutsiyar Kanal

*

Wa alaikumus salam, ɗana.

Sau biyu na karanta wasiƙarka. A karo na farko na yi dariya a wajen Baballe da ya ɗaga fim yana neman wasali. A karo na biyu ban yi ba, don na san kwanon ƙwai yana tafe. Na tsallake wasiƙu goma sha ɗaya na sa taka a gaba, saboda Talatar da ka ambata.

Bari mu raba kayan nan, don ka ƙulle su a buhu ɗaya shi ya sa suka yi maka nauyi. Fita da bajo mantuwa ce ta mai sauri, kowa yana yi. Abin da ka faɗa wa Iya ƙarya ce ta tausayi, ko da yake akwai lalaci a ciki, ka ga bayani zai yi tsawo ka yanke. Iya ba ta da laifi ko na ƙwayar gero. An ce mata ga abin da yake tsare ɗanta, ta ba shi abu mafi daraja da ta mallaka, rubutun mijinta. Baballe ma sana'arsa ya yi. Laifi ya fara ne ranar da ka miƙa bajon ka yi shiru, ya girma kwana goma sha tara da ɗakin ya yi a rufe, har kana wucewa ta gaban matar nan, ya cika ranar da ka bar dattijon mutum ya durƙusa maka. Wannan na ƙarshen shi ne ya hana ka cin ƙwai, kuma gara da ya hana ka. Da ka ci ka sha ruwa, da ban ɓata tawadata a kanka ba.

Ban raina abin da kake tsoron rasawa ba. Gurbin da ake shekara shida ba a samu ba ba abin wasa ba ne, burinka kuma mai kyau ne, muna buƙatar irinku. Tambayar da ka ji kunyarta ma na gode da ka yi ta a fili. Amsarta ita ce a'a. Dubban mutanen da kake cewa za su amfana, da me za su amfana? Da lambar da za ka rubuta a jikin kwalba, likita ya yarda da ita ya ɗura wa mutum a jijiya ba tare da ya iya dubawa da idonsa ba. Mai bincike ba shi da wani jari sai a yarda da abin da ya ce ya gani. Farfesanka bai kori ɗalibin nan don mugunta ba, ya san irin aikin da yake horar da ku ne. In ka fara tafiyar nan da sakamakon da ka san na ƙarya ne, ka bar shi a fayil don ya yi maka daidai, to ka koyi abin da zai bi ka har ɗakin binciken Turawan. Maganar ka rubuto daga can kuwa, kafin wasiƙarka ta iso Dattijo yana gida yana neman aikin gadi. Roƙa masa sassauci ma tabbatar masa da laifin ne, da bakin wanda ya fi kowa sanin bai yi ba.

Akwai kuma abin da ba ka faɗa mini ba. A unguwarmu akwai wani tsoho da ya yi shekara talatin a ɗakin hoton ƙirji. Na ba shi labarin ba suna ba gari. Ya ce a cikin irin bajon nan akwai 'yan guntayen ƙarfe, in hasken aiki ne ya bugi fim sai sun bar inuwarsu a jiki, in kuwa rana ce ta gan shi sai ya yi baƙi bai ɗaya. Ya ce ranar da wani a kwamitin ya nemi a dawo da fim ɗin a duba, minti ɗaya ya isa. In tsohon ma'aikaci ya san wannan, malamin jami'a ma ya sani. Don haka ba tsakanin shiru da magana kake zaɓe ba, tsakanin ka faɗa da a gano ka ne. Amma ba na so wannan ya zama dalilinka. Ko da fim ɗin ya faɗa teku, shawarata ba za ta canja ba.

Ka fara da Dattijo, kuma a gidansa, ba a bayan ɗakin wankin kwalabe ba. Ka je kafin Sallah, ka nemi matarsa ta tsaya daga bayan ƙofa ta ji, don ita ma ta kwana da wannan nauyin. Yadda ya durƙusa maka haka za ka durƙusa masa. Ka faɗa masa ya rufe murfinsa, hankalinsa bai taɓu ba, bai cuci kowa ba. In ya yi fushi ya yi daidai, kada ka tsaya kare kanka.

Daga can ka wuce wurin Farfesa da takarda shafi ɗaya, ranaku a jere, abin da ya faru a jere, ka ɗora masa jar fatar nan a kan tebur da zaren Baballe a jiki. Kada ka jingina komai ga Iya, ka rubuta cewa kai ka gaya mata abin da ba haka ba. Abu biyu za ka roƙa, a cire takardar tuhuma daga fayil ɗin Dattijo a rubuce, a kuma gyara naka sakamakon, don wannan baƙin fim ɗin in ya zauna a tarihinka zai iya hana ka aiki a duk inda ka je. Maganar gurbi kada ta fito daga bakinka a ranar. Ba zan yi maka alkawarin zai bar maka shi ba. Yana iya janyewa, yana iya ɗagawa zuwa baɗi, yana iya yi maka wankin babban bargo sannan ya sa hannu. Abin da na lura kawai, mutumin da ya sa ka a motarsa da kansa ya kai ka gwajin jini ya yi makonni yana zaton ya nakasa yaron da aka ba shi amana. Zai ji haushi ƙwarai, amma za ka sauke masa dutse. In gurbin ya tafi, shekararka ashirin da tara, bincikenka na ƙashi yana nan, ka rubuta abin da ka samu ka sake nema. Masu dariya a ɗakin shayi kuwa mako guda za su yi su gaji, kuma da za a ce kowa ya cire riga da ka ga abin mamaki.

Sai Iya. Ka bari a gama hidimar nama, ku zauna ku biyu. Matar nan ta ji labari a rediyo ta yi maka tambayar da ta dace, kai ka ba ta amsar da ake ba yara. Yanzu ka ba ta ta manya. Ka ce mata bajo shaida ne, abin da yake tsare ku bayan Allah shi ne bangon darma, da dogon awartaki, da rashin daɗewa kusa da abin. Ka faɗa mata shekarun da ka yi kana aikin da abin da shaidar take nunawa kowane wata. In da hali ka kai ta ta ga ɗakin ta taga, Dattijo ya nuna mata yadda ake yi, ta ga mutumin da ya shekara ashirin da biyu a ciki yana nan da lafiyarsa. Ka gaya mata abin da ya faru da fim ɗin, amma ka sa laifin inda yake, a bakinka. In ta ce a'a, kada ka tafi a ɓoye kuma kada ka yanke ƙauna, ka nemo wanda take jin maganarsa cikin 'yan'uwan babanku, ka ba ta lokaci. Ka kuma je mata da sunan wanda zai tsaya wa gonar ranar ban-ruwa shekara uku, don na lura duk tsawon wasiƙarka ba ka yi wannan tunanin ba, ita kuwa na tabbata ta yi. Takardar addu'ar babanku ka adana ta da kyau. Ko za ka rataya ko za ka sa a akwati, wannan tsakaninka da malamanka ne, ba aikin filin nan ba ne.

Ɗana, kai ka sa wa kanka suna mai gona a wutsiyar kanal. Ka san yadda ake ji in mutum ya tsaya tun safe yana kallon laka, na sama ya janye ruwan ya juya baya kamar bai gan shi ba. Yau Dattijo ne a wutsiya, tiyon kuma a hannunka yake. Ka cire shi kafin Talata.

Kwanon mutane kuma ka mayar musu, kada ka mayar da shi wayam. Ƙwan ka dafa ka ci bayan ka dawo daga gidansa, a lokacin zai wuce maka a maƙogwaro. Ƙwan zabi yana daɗewa, amma ba zai kai Oktoba ba.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya wanke Dattijo a idon jama'a, ya jiƙan babanku, ya sa Iya ta ga ranar da za ka dawo da ilimin nan ka shiga ɗakinku da kai a sama. A yi Sallah lafiya.

Gwaggo Asta